Mai Yiwuwa

Shekara ashirin da shida
ina hawa na biyu, a wani gida marar allo a Kasala.
Tagata na kallon duwatsun Taka,
ni ina kallon takarda.
'Ya'yana sun ɗauka akawun ma'aikatar ruwa ne ni.
Ban musa ba. Ai ni ma ambaliya nake hange
tun Gash yana yashi.

Don Hausar kakata aka ɗauke ni,
wadda ta taso da ƙafa za ta Makka,
ta ya da zango a Mai Wurno, zangon ya zama gida.
Sai a turo mini murya a faifai,
lambar mota, rasidin taki buhu arba'in,
in duƙa ina tsinta
kamar mai fid da tsakuwa a shinkafar biki.

Sau ɗaya na ga abin tun yana ƙwai.
Shafi uku na rubuta, aka tare motar a hanyar Bur Sudan.
Ran nan kasuwa ta ci ta watse,
mai jabana ta wanke kofunanta ta kife,
ba wanda ya san an yi masa komai.
Ladanmu ke nan: ranar da ba labari.

Amma akwai Jibo.
A waya ya ce, "Riɗi ya nuna,
ku taho da mutane kafin asuba, kar a makara."
Na saurara sau goma sha ɗaya.
Na rubuta: mai yiwuwa.
Kalmar ta yi tuntuɓe a matakala,
ta isa teburin Kanar Mirgani tana tabbas.

Wata bakwai yana tsare.
Ashe riɗi ne. Riɗin Gadarif,
wanda in ya nuna ba ya jiran kowa.
Ya fashe a gona, tururuwa ta kwashe.

Da na ajiye aiki, agogon bango suka ba ni.
Yanzu duk Alhamis nakan gangara layin masu mai
da kwalbata a hammata.
Ya yi furfura, kunnensa ɗaya ya mutu.
Bai san fuskata ba,
ni kuwa na san har inda yake jan numfashi kafin ya ce "to".

Yakan auna, ya ɗaga kai ya dube ni,
ya ce, "Malam, kai ba ka taɓa taya kaya ba,"
sannan ya ƙara mini gyara.