Kwat ɗin da Kakana Ya Ɗinka

A Tawa, bayan isha,
suka haska tsohon silima a bangon makaranta.
Baƙi da fari, yana ɗigo kamar yayyafi.

Jarumin ya dawo daga kurmi sanye da kwat,
hannunta ya haɗiye yatsunsa.
Yara suka tuntsire da dariya.
Ni na yi shiru. Kakana Nomau ya ɗinka ta,
da gangan ya ƙara taƙi guda,
wai kayan aro ba ya rufe katara.

Da fari kyamara na durƙushe
tana kallonsa daga ƙasa,
ko hasumiya ba ta kai kafaɗarsa ba.
Sai ta koma ƙidayar maɓalli:
uku, biyu,
ɗaya na lilo a zare.

Ranar da uwarsa ta ƙi kuɗinsa
ba a nuna fuskarta ba,
hannu kawai, yana gyara bakin zane.
Kyamara ta hau soro,
ya zama ɗigon tawada a tsakar gida.

Shuɗiya ce, in ji marigayi.
Ni kaɗai na ga shuɗin a daren nan,
na tafi da shi gida.