Kwatarniyar Dutse

Gida bakwai ta rabu, in ji kakata Tabawa,
daren da soron gidanmu na Madabo
ya gaji da marka ya durƙusa.
Kwatarniya ce ta dutse, ba ta yumɓu ba,
an sassaƙo ta daga gindin Dala
tun ganuwa ba ta wuce kafaɗar mutum ba.
A cikinta ake yi wa jinjirin unguwa wankan fari
kafin a raɗa masa suna.
A bakinta an zana igiya mai ƙulle-ƙulle
da kifi uku suna bin wutsiyar juna.

Ni ban gan ta ba.
Ɓalli ɗaya na gada, bai fi tafin hannu ba,
da rabin kifi a jikinsa, babu kai.
Na ɗauki takarda da gawayi, na fita neman kan.

Na fari a Jakara na same shi,
dokin ƙofa ne a shagon Barau mai gyaran rediyo.
Shekara talatin ana taka shi da takalmi.
Na durƙusa, na shimfiɗa takarda, na goga gawayi,
ƙulli biyu suka fito
kamar tsagar gado a kuncin tsohuwa.
Barau ya ce, Malam, dutse ne fa.
Na ce, na sani.

Na biyu yana Ƙofar Mata, bakin karofi,
da shi ake danne zane kada iska ta ja.
Ya sha baba har ya manta launinsa.
Wutsiya ce a kai. Ba tawa ba.

Na uku murhu ne.
Uwani mai ƙosai a Koki ta riƙe ƙugu:
in ka ɗauke, a kan me zan ɗora kaskona?
Na sayi ƙosai, na zauna a benci,
na jira wuta ta mutu, bayan lisha,
na share toka da gefen riga.
Dutsen da ya saba da ruwa
ya koyi zama da wuta, bai ce komai ba.

Sai wani mai kura ya ce in je Sabon Gari,
in tambayi Bulus magini, mai sayen ɓaraguzai.
A kan taga ya ajiye nasa, kusa da fitila.
Ya ce, a majami'armu ma akwai irinta,
ta siminti, a nan ake yi wa yara baftisma.
Da na ga wannan cikin ƙasar da na saya
na kasa zuba shi a harsashin gini.
Hannu ya taɓa shi da niyya.

Na ciro nawa daga aljihu.
Muka haɗa baki da baki,
saura ɗan giɓi kamar ƙwayar gero,
kifi ya samu kansa, ido a buɗe.
Ya ce, ɗauka. Na ce, bari.
Muka sha ruwa, kowa ya riƙe nasa.

Na shida, an ce, yana ƙarƙashin kwalta
wajen Ƙofar Mazugal, motoci na bi ta kansa.
Na bakwai ko labarinsa babu.

Da dare na jera takarduna a kan tabarma,
na yi da'ira, ta ƙi rufewa.

Ranar Laraba 'yata Ladidi ta haihu.
Ungozoma ta kawo bahon roba, ja, na kasuwar Kurmi,
ta sirka ruwa, ta gwada da gwiwar hannu.
Kafin a kawo yaron na saki ɓallina a ciki.
Rabin kifi ya nutse, ya kwanta, ya yi duhu,
zanensa ya fito fes, yadda ban taɓa gani ba.

Ungozoma ta tsamo shi, ta miƙo mini yana ɗiga.
Ta ce, fita waje, Malam Tanimu,
zai karce mini yaro.