Cokula Shida

Cokula shida na shigo da su gidan Eliphalet,
na dalma ne, gadon kakata,
da su ta ƙetaro teku a ƙunshe cikin zane.
Yau saura ɗaya. Zauna nan, jikata,
ki ji inda biyar suka tafi.

Kakanki mai buga takardu ne a Boston,
kusa da tasha, inda iska ke warin kwalta da kifi.
Shekarar da aka ce kowace takarda
sai da hatimin sarkin Ingila,
ta gado, ta bashi, har katin 'yan karta,
ya kwana yana lissafi da alli a bango.
Da asuba ya ce, "Keziah, ba kuɗin ne ciwon ba.
Majalisar da ta yanka mana harajin nan
ba mu da kujera a cikinta, ba mu da baki.
Ana mana aski ba ma nan."
Injinsa ya yi shiru wata biyar.
Na farko ya tafi wurin mai burodi.

Aka janye hatimi, muka kunna kyandir a tagogi,
ashe an kashe maciji ba a sare kansa ba.
Sai ga na gilashi, ga na fenti, ga na shayi.
Na kife butar shayina, na koma kaɗi da saƙa,
ulu mai cin wuya,
muna sawa da taƙama, muna susa a ɓoye.

Masu jajayen riguna suka cika gari.
Akwai ɗaya, yaro ne, ko gemu bai fara ba,
yana gadi a ƙofarmu, haƙoransa na kaɗawa.
Na miƙa masa romo ta bayan gida.
Kwanon ya dawo. Cokalin bai dawo ba.
Bayan kwana tara aka yi harbi a dandali,
na ga jini a kan ƙanƙara,
ja da fari, kamar rigarsa.

Daren da aka zubar da shayi a teku
mahaifinki Zebulon ya shigo, fuska duk toka,
ganye a cikin takalminsa.
Ban tambaye shi ba. Na share, na zuba a wuta.
Sarki ya rufe tasha, jirage suka daina zuwa,
ciyawa ta tsiro inda 'yan dako ke tsayawa.
Na uku ya zama mudu biyu na masara.

Na huɗu da na biyar, da hannuna na narka su.
Harsashi tara suka ba ni, ɗaya ya karkace.
Na zuba wa Zebulon a jaka, suna da sauran ɗumi,
ya fita kafin zakara ya yi cara.
Shekara takwas ana yaƙi.
Jakar ta dawo a ta uku, a hannun wani.

Wani lokaci cikin dare nakan yi tunani:
ko cokulan sun haɗu a wani fili,
biyu suna tafe a iska,
ɗaya a aljihun yaron nan mai jin sanyi?

Yanzu mai karɓar haraji ɗan layinmu ne,
na san uwarsa, na san ranar da aka haife shi.
Ina biya, ina faɗa masa son raina ido da ido,
yana rubutawa, yana cewa, "To, Iya."
Abin da cokula biyar suka saya ke nan.
Ko ya yi tsada? Kada ki tambaye ni yau.

Ungo na shidan.
Sha kununki, ya fara hucewa.