Jinin Tanimu

Ƙarfe uku na dare, Tudun Wada ta yi tsit,
daga ni sai kwalbar jinin Tanimu, maƙerin Panteka.
An kawo shi a naɗe kamar tabarma,
ciwo ya huda ciki ya ɓulla ta baya.
Fankiriyas ce ta kumbura, in ji likita.

Babana masunci ne a Kabala.
In ya ga kogi ya yi ja,
sai ya janye kwalekwale kan tudu:
an yi ruwa a gabas, gobe zai kawo.

Haka nake karanta jini.
Fararen ƙwayoyi sun yi cincirindo,
alamar kumburi ta haura ɗari da hamsin.

Na ɗaga waya:
Likita, kada a jira safiya.