Sawu a Zauren Tashi

Biyar na asuba motar ma'aikata ke ajiye ni,
bokiti a hagu, tsumman goge-goge a dama,
fitilun kanta ba su gama buɗe ido ba.
Sunana Tabawa. Yana rataye a wuyana,
ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya karanta.

Ni ƙafafu na sani, ba fuskoki ba.
Na san takalmi mai ƙyalli da ba ya bin layi,
na san silifas ɗin tsohuwar nan daga Birnin Gwari
da ƙofar gilashi ta buɗe mata da kanta,
ta ja da baya, ta yi ta'awwizi,
sannan ta gaida ƙofar, ta shige.

Sikeli ba shi da uwa.
Ya ce jaka ta zarce da kilo huɗu,
sai a durƙusa kan tayil ɗina a zage zif:
kuka, daddawa, yaji a gwangwanin madara.
A zaɓi wanda zai tafi, a zaɓi wanda zai koma gida.
Garin da ya zube ni ke sharewa,
ina atishawa a madadin mai tafiya.

Lasifika ta ce jirgin Legas zai makara.
Kujerun ƙarfe suka yi tsaki tare.
Mutum tara, soket ɗaya,
ga shayi a kofin takarda
da kuɗinsa zai kai ni Mando ya dawo da ni.

Ranar wata Laraba, cikin marka,
autana Shu'aibu ya zo da jaka guda.
Ya sami aikin walda a wata ƙasa
da har yau harshena ke tuntuɓe da sunanta.
Ina bakin aiki. Ban rungume shi ba.
Ya ɗaga mini tikiti daga nesa,
injin duba kaya ya haɗiye jakarsa,
shi kuma ƙofa ta haɗiye shi.

Amma ya bar mini jar lakar unguwarmu:
sawu goma sha ɗaya, daga bakin ƙofa zuwa kanta,
na hagu ya ɗan karkace, kamar na ubansa.
Na goge gabas da su, na goge yamma,
na kafa allon nan mai ruwan ɗorawa
don mutane su kewaye.

Har azahar suna nan.
Sai Madam Rifkatu ta zo da kundinta,
ta dubi ƙasa, ta dube ni.
Ta buɗe baki, ta rufe.
Ta ce, "Kafin jirgin yamma, Tabawa."

Ruwan bokitin ya koma ja.
Ban zubar a kwata ba.
Akwai wata fulawa a bayan wurin ajiye motoci,
ita na ba.

Yanzu tana neman fin ƙuguna tsawo,
ni kuwa ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba.