Littafin Ɗaki Na Goma Sha Huɗu

Shekara talatin da takwas na yi a tashar jirgin ƙasa ta Toledo
ina rubuta lokacin shigowa da lokacin tashi.
Ƙugu ne ya karye, hannu bai manta aikinsa ba.
Yanzu ƙararrawar gidan jinya nake yi wa lissafi.

Biyu saura kwata: Ophelia ta danna, ɗaki na tara.
Jar fitila ta kama a saman ƙofarta,
ina hango ta ta madubin kabad.
Biyu da minti shida: takalmin roba ya wuce, ƙyas, ƙyas.
Minti ashirin da ɗaya.
Na rubuta.

Takalmin na Lorna ne.
Gado ashirin da shida, mace ɗaya,
sai nas guda a hawan sama, riƙe da makullin magani.
Abokin kwananta ya bugo waya, wai dusar ƙanƙara ta tare hanya.
Wadda aka ɗauka a watan jiya
ta koma ɗaukar kwali a sito,
inda kaya ba ya kuka, kuma an fi biya.

Takarda ta ce a juya ni duk awa biyu.
Bayana ya san uku, wani daren huɗu.
Amma in ta zo,
sai ta hura wa tafinta ɗumi kafin ta taɓa ni.
"Mista Kowalczyk, juya mu gaisa da bango."
Ta leƙa dugadugaina, ta shafa mai,
kofinta na can kan taga, ya huce tun sha ɗaya.

Laraba, uku da rabi, Vernon ya danna.
Tsohon hedimasta ne, ya gwammace komai
da a same shi cikin jiƙaƙƙen zani.
Lorna na can ƙarshen baranda, wata ta shaƙe da majina.
Ya jira minti talatin da huɗu, ina da shaida,
sannan ya sauko da ƙafa.
Na ji tim,
kamar buhun dankali ya zame daga mota.
Na danna tawa, ba don kaina ba,
na danna har babban yatsa ya mutu.

Litinin mai duba gari ta zo daga jiha.
Baranda ta cika da fuskokin da ban taɓa gani ba,
furanni a kan tebur, ƙasa na ƙamshin lemo,
aka yi mini aski ban roƙa ba.
Ta zauna, ta buɗe biro.
"Ana kula da kai?"

Littafin na ƙarƙashin matashi, yana cin ƙeyata.
Na san yadda ake yi.
In jirgi ya yi karo,
mai riƙe da fitila ake nema,
ba wanda ya rage masu fitila ba.
Kowane minti a ciki, sunan Lorna zai ɗauka.

Na ce ta ara mini biron.
A bangon littafin na rubuta, hannu na rawa:
Hannu biyu. Gado ashirin da shida.
Ki raba da kanki.
Ta karanta, ta daɗe ba ta ɗago ba.
Ta sa shi a jaka. Ban san inda ya kwana ba.

An kwashe furannin tun Talata.
Gadon Vernon an yaye, katifa na shan iska.

Daren nan a bayan takardar abinci nake rubutu.
Ɗaya da minti goma: ƙishirwa.
Kofin na nan, taƙi guda ya fi ƙarfin hannuna.
Ina jin takalmin yana nisa, da sauri,
wajen jar fitilar wani.

Ɗaya da minti goma, ɗaki na goma sha huɗu.
Ba a danna ba.