Bututun Ƙarƙashin Kandami

Genzaburo ya haƙa ramin, bai ƙarasa ba.
Shebur ɗinsa na jingine a gindin kaki,
jar ƙasa ta bushe a bakinsa.
Dusar ƙanƙara ta sauko wa Ojiya, ta binne ramin wata huɗu.
Da ta narke, ga shi nan yana kallona,
baki buɗe, kamar mai bin bashi.

Na zura littafinsa a aljihu
na gangara shagon Tokuji, can bayan gada.

Ya jero mini su a kan kanta.
"Ga mai inci biyu, Chidori, da sauƙin kuɗi.
Kifi nawa gare ki, da za ki zubar da yen?"
Na buɗe shafi. Rubutun mijina kamar sawun kaza:
inci huɗu.
Ya ja layi biyu a ƙasa, har fensir ya huda takarda.
Siriri ganye ɗaya ke shaƙe shi,
kashin kifi ya taru a baya, laka ta bi sahu,
ruwa ya ruɓe tun daga gindi
alhali samansa na ƙyalli.

Na ƙarfe? Tsatsa ba ta barci.
Na tagulla ya fi kowa kyan gani,
amma a hankali yake sa wa kifi guba,
sai dai a wayi gari a ga farin ciki a saman ruwa.
Na yumɓu surukina ya binne a zamaninsa,
saiwar kaki ta laluɓo mahaɗa ta shige,
girgizar ƙasa ta ƙarasa sauran.

Na ƙwanƙwasa na roba, ruwan toka, da bayan yatsa.
Ɗaya ya amsa kwal, kamar gwangwani.
Ɗayan ya yi ƙus, mai kauri, mai nauyin baki.
Shi na ɗauka.
Da mai shiru na saba, shekara arba'in da ɗaya.

"Gwiwa fa?" in ji Tokuji.
Ban da mai kaifi. Ba ni masu lanƙwasa a hankali, guda biyu.
Ruwa ba ya son a karya masa wuya,
lallaɓa shi ake yi.

Sai murfin rariya, mai kama da kifaffen ƙoƙo.
Yatsa nawa za a bari tsakaninsa da daɓe?
Na juya shafi. Fari fat.
Na sake juyawa.
Tokuji ya shiga gyara kusoshin da ba su nemi gyara ba.
Na ce: kaurin babban yatsana.
Ganye ya wuce, ɗan kifi kada ya wuce.

Warin gam ya bi ni har cikin shinkafar dare.
Na toshe bakin bututu, na cika shi da ruwa,
na yi alama da guntun fensirinsa, na kwana ido biyu,
don abin da siminti ya rufe
ba ya sauraron da-na-sani.
Da asuba ruwa na nan daidai kan layi.

Yanzu kaka ta yi.
Koi bakwai na kewaye, ja da fari.
Baƙi na yabon duwatsu da 'yar gadar katako.
Ni ganye nake bi da ido:
ya jiƙe, ya nitse, ya gangara tsakiya,
ya ɗan tsaya a bakin murfi,
ya shige.